Hutun da Muka Ɗora wa Baba

Auta, ƙanena,

Assalamu alaikum. Ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka, Allah Ya ƙara rufa asiri. Mu nan lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba. Mama na nan da ƙarfinta, faɗanta ma bai ragu ba. Na zaɓi in rubuto maka ne saboda maganar ba ta waya ba ce. Kai kullum sauri kake, ni kuma kuka zai riga ni.

Baba ya kwana shida a asibiti, shekaranjiya aka sallamo shi. Kada hankalinka ya tashi, yana samun sauƙi, kuma shi ya hana a gaya maka. Ƙafarsa ta hagu ce ta kumbura daga ƙwauri zuwa gwiwa, ya yi ta shafa man zafi yana cewa sanyi ne. Likita ta ce jini ne ya daskare a jijiya, kuma da gudan ya tashi ya nufi huhu, da yanzu wani zancen ake yi. Ta tambaye ni awa nawa yake yi a zaune a shago. Kunya ta rufe ni, don yini yake yi a zaune.

Ka tuna yadda shagon yake a da. Keken ɗinkinsa na ƙafa ne, yini yake yana taka shi. Teburin yanka na can ƙurya, dutsen guga a bakin ƙofa, zare kuma a saman kanta, sai ya miƙe yake ɗaukowa. Da ka aiko da injin nan na lantarki, ni na kira aka ɗaura wa keken, ina ta murna. Ban tsaya nan ba, ka san ni da iyayi. Na jawo teburin guga gefen damansa, na sauko da zare cikin aljihun tebur, na ajiye masa gorar ruwa kusa da ƙafa, yankan ma na karɓe. Mama kuma ta riƙa kai masa abinci har kan keke. Ya ce mun mai da shi hoton bango, muka yi dariya, muka ce ai tsoho hutu yake so. Shekara biyu cur, Auta, daga safe har yamma ba abin da ke motsi a jikinsa sai hannu. Har salla ya koma yi a kujera don gwiwa ta sandare, ni kuwa na ɗauka tsufa ne kawai.

Ba laifi nake ɗora maka ba. Nawa ya fi yawa, tunda ni ke ganinsa kullum, kuma abin yana ci mini rai ba kaɗan ba. Likita ta ce zai iya komawa aiki bayan wata guda, in dai zai riƙa tashi duk rabin awa ya ɗan taka, in ba haka ba gara a rufe shagon. Kai ma ka san Baba ba zai rayu da shago a rufe ba. Jiya na je na mayar da komai inda yake, ni kaɗai na ja teburin nan har bayana ya amsa. Kujera mai laushin da ka ce za ka aiko, don Allah ka bar ta. Kai ma da kake yini gaban kwamfuta, matarka ta ce ko ruwa sai an miƙo maka. Ka riƙa tashi kana ɗebowa da kanka, ba ka fi ƙarfin hakan ba.

Da na gaya wa Baba na mayar da kayan, bai yi mini gori ba. Ya ce tuntuni yake so ya roƙe ni in bar masa ko da almakashi ne a nesa, amma ya ga ina jin daɗin yi masa hidima, bai so ya ɓata mini rai ba.

Ka gaishe mini da matarka da mai sunan Baba. Mama da Goggo da Kawu suna gaishe ku. Ka kira Baba, amma kada ka ce ni na gaya maka.

Yayarka, mai kewarka.