Maganin da Ta Sha Sau Biyu

Ƙaura Namoda,
9 ga Yuli, 2000.

Zuwa ga ƙanena Halilu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka da kyau, kai da Kulsumu da yara, da fatan takardar nan ta iske ku lafiya a Maiduguri. Allah Ya ƙara maka haƙuri da marasa lafiyar da kake jinya, Ya tsare ka daga abin da ya kwantar da su. Mu nan alhamdu lillahi, ruwa ya zauna, geronmu na Ɗan Isa ya kai gwiwa. Maigidana Alhaji yana fama da ƙafarsa, amma bai fasa zuwa gona ba. Inna tana Zurmi, ta ce ka manta hanyar gida. Idan ka ga layina ya karkace ka yi haƙuri, ni ce da hannuna. Shekara biyu ke nan ina zuwa ajin yaƙi da jahilci, kuma wannan magana ba ta kunnen mai rubuta wasiƙa a ƙofar gidan waya ba ce.

Maganar ɗiyarka ce, ta farina, wadda ke aure a Shinkafi. Ka san tunda na haife ta ban taɓa kiran sunanta ba, sai dai in ce yarinyar nan. Ta zo goyon ciki wata biyu da suka wuce, yanzu ta shiga na tara. Da na ga ƙafafunta sun kumbura sai na roƙi maƙwabciyata ta kai ta awo asibitin gwamnati, don ni ba zan iya tsayawa da ita gaban mutane a kan maganar ciki ba. Suka ce jininta ya hau, suka ba ta kati da ƙwayoyi. Ashe tun a Shinkafi mijinta Jibrin ya kai ta asibitin kuɗi, can ma hawan jinin aka ce, aka ba ta kati da ƙwayoyi. Ba ta faɗa wa malamar awo ba, wai kada ta ga kamar an raina aikinta. Ni ma ba ta faɗa mini ba, ni kuma ban tambaya ba. Sai ta riƙa shan na can don kada ta saɓa wa miji, tana shan na nan don kada ta saɓa mini. Kwana ashirin tana haka.

Ranar Talata da hantsi jiri ya kwashe ta a bakin murhu, Allah Ya sa ba kan tukunya ta faɗa ba. Ina neman zanen da zan rufa mata sai na iske ledojin magani biyu a cikin kwallarta. Ƙwayar ɗaya rawaya ce, ta ɗayan fara, shi ya sa ta ɗauka daban suke. Ban san Turanci ba, Halilu, amma na san baƙaƙe. Na jera su a kan tabarma ina bi da yatsa kamar yadda malamarmu ta koya mana. Harafi goma nan, harafi goma can, duk iri ɗaya. Na kwafa maka sunan a bayan takardar nan.

Na sa hijabi na tafi asibiti da ƙafa. Tunda aka fara Shari'a mata ba sa hawa babur ɗin kabu-kabu, motar mata kuwa na jira har na gaji. Malamar awo ta duba ledojin ta riƙe baki, ta ce Allah ne Ya tsare, a bar shan ɗaya nan take. Ta yi mini faɗa, kuma gaskiyarta ce. Ta kuma ce mai irin wannan kumburi lallai ta haihu inda ake tiyata kuma ake iya ƙarin jini. Sannan ta tambaye ni sunan mai cikin don ta nemo fayil. Kunya ta hana ni faɗa. Da ta gane, sai ta turo mini biro da takarda.

To ga abin da ya hana ni sukuni. Jibrin ya zo ranar Juma'a, suka zauna da Alhaji a zaure, ina jin su ta bayan katanga. Ya ce ran ashirin da biyu ga wata zai zo ya mayar da ita Shinkafi ta haihu a asibitin kuɗi. Ya ce can akwai tsafta, da zanen gado, da janareta, ba layi, kuma mace ce ke karɓar haihuwa. Ya ce nan kuwa likita ɗaya ne ga jama'a tunda aka yi jiha aka janye wasu zuwa Gusau, ga shi namiji, kuma har safar hannu kai za ka saya. Ban ce ya yi ƙarya ba, ni ma na ga layin da idona. Amma yarinyar da kanta ta faɗa wa maƙwabciyata cewa can ba su da jini, idan haihuwa ta zo da gardama mota suke sa mace a kawo ta nan. Kai ka san hanyar nan da damina. Alhaji ya ce mata ta mijinta ce, shi ba zai yi masa dole ba.

Jibrin ba mugu ba ne, shi dai a ganinsa abin da ba a biya ba ba ya da kyau. Haka ya cire ƙannensa daga firamare ya kai su makarantar kuɗi, kuma ban ga laifinsa ba, don autata Halima a ƙasa take zama, su casa'in a aji. Amma ajinmu na gindin darbejiya, wanda ko alli malamar ke saye da kuɗinta, shi ya sa na karanta ledojin nan. A asibitin can da ake biya kuwa, ba wanda ya ce ta dawo a sake auna jininta.

Ni ba ni da bakin magana da suruki. Kai kawunta ne, kuma aikinka ne, yana jin nauyinka. Don Allah ran Juma'a ashirin da ɗaya ka bugo waya gidan Alhaji Mahmuda, maƙwabcinmu mai tarho, bayan la'asar, zan sa Alhaji ya kira Jibrin ya jira ka can. Idan kai ma ka ga Shinkafin ya fi, ka faɗa, zan haɗa kayanta da hannuna. Idan ba haka ba, ka roƙe shi ya bar mini ita sai ta sauka. Kunyata ta kusa kashe ta sau ɗaya, ba zan sake yin shiru ba.

Ka gaishe mini da Kulsumu da kyau, da Anas da Murtala, ka ce su sa yayarsu cikin addu'a. Alhaji da Halima suna gaishe ku. Allah Ya sada mu da alheri.

Ni ce yayarka,
Rahama, uwar Mardiyya.