Gogo Fatna Ta Ce Muna Kan Hanya

Dar Salam, Umdurman
Ranar Juma'a

Zuwa ga Yayana Zubairu, a Madina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, Allah ya ƙara maka sauƙin ƙafar nan. Mu nan muna numfashi, alhamdu lillahi. Cikin alhini nake sanar da kai cewa jabanata, 'yar butar nan ta ƙasa, wadda ta shekara goma sha ɗaya tana dafa mini gahawa ba ta taɓa ƙorafi ba, ta riga mu gidan gaskiya ranar Talata. Kyanwar maƙwabta ce ajalinta. Ba a yi zaman makoki ba saboda halin da gari yake ciki.

Halin garin ne ya sa na ɗauki alƙalami. Ka san tun da yaƙi ya shigo, Gogo Fatna ta kafa takiyya, wato wurin dafa abincin sadaka, a ƙofar gida, tukunya biyu na adas, ƙananan waken nan, duk wanda ya miƙo kwano a zuba masa, ba a tambayar ƙabilarsa. Ni kuwa, malamin makarantar da aka rufe, na shige ɗaki da littattafaina ina gyaran zuciya. Na sha gaya mata tsarkin ciki ne gaba da komai. Ta ce to, in na gama tsarkaka in fito in taya ta tsintar adas.

Yanzu harbi ya yi nisa da mu, amma abin da ya biyo baya ba shi da ƙara irin ta harbi. Wasu mutane da bindiga suna bi layi layi suna neman baƙin fuska. Wanda harshensa ya karkace sai a sa shi a mota. Maƙwabcinmu Hazim mai walda an ɗauke shi makon jiya, har yau matarsa tana kai abinci wuraren da ake ce mata ba ya nan.

Ranar Laraba suka tsaya kan tukunyar Gogo. Suka tambaye ta wa da wa ta ciyar lokacin da unguwa take hannun ɗaya ɓangaren da suke yaƙi da shi. Ta ce masu yunwa. Suka ce ita 'yar ina ce. Yaya, ka san amsar gidanmu. Tun da kakanmu ya baro Haɗeja da niyyar hajji, guzuri ya ƙare masa a gonakin audugar Jazira, ba mai cewa mun zauna, sai dai muna kan hanya. Na sha yi wa maganar dariya: shekara casa'in ana tafiya, ko kunkuru da tuni ya yi ɗawafi. To Gogo, wadda aka binne cibiyarta a Umdurman, ta dube su ta ce musu da Larabci mu matafiya ne, muna kan hanya. Na ga ɗayansu ya rubuta. Suka ce ta je ofishinsu ranar Asabar, kuma kada a hura wuta kafin nan.

Kwana biyu ina koya mata amsa: ta ce haifaffiyar nan ce, ga takarda. Ta ce takardar gaskiya ce, za ta nuna, amma ba za ta ce ta iso ba alhali ba ta iso ba, kuma shi mai tambayar ma a kan hanyar yake, bai sani ba ne kawai. Da safen nan ta hura wutar. Na tuna mata Hazim, na ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ta ce ruwan da take da shi na tukunya ne. Na rantse mata wahalar banza take, tsoro ba zai bar kowa ya zo ba.

Gobe zan raka ta. Ka tsaya mana da addu'a a Raula, cikin masallacin Annabi, kai da ka isa. Ka gaishe da Nana Khadija, da Salahuddin, da 'yar auta Rim. Uwargida Basma da yara suna gaishe ka.

Ƙaninka,
Hamuda

Yanzu na leƙa waje. Motarsu tana tsaye a bakin titi, layin masu kwano kuma ya kai har masallaci. Ni ne na yi kuskure, Yaya.