Na Toshe Dankali a Rumbun Gero

Malam mai filin shawara, don Allah ka cece ni da magana, na rasa wanda zan gaya wa.

Ni manomi ne a Gangara. Bara wani Buzu mai suna Aghali ya sauko daga Abzin da dankalin turawa. Na matsa wa yayana Barmo har ya ba ni rabin lambun albasarmu na bakin rijiya, na shuka shi. Wata uku ina jan guga, hannuna duk kanta. Na samu buhu huɗu, muka ci uku, na ware ɗaya iri.

To, Malam, mu iri a rumbu muka san ana ajiye shi. Na zuba shi tare da damman geron da muka keɓe don shuka, na shafe bakin da laka yadda marigayi Baba ya koya mana. Da bazara ta yi nisa muka buɗe. Wari ya kore mu. Dankalin ya narke ya zama baƙin ruwa, geron duk ya yi fumfuna. Irin Baba ne, mai saurin nuna, shekara talatin yana gidanmu.

Barmo bai zage ni ba, da ma ya zaga. Ya daina cin tuwo da ni. Ga hadari ya fara haɗuwa. Kunya ta ishe ni, ina tunanin in bi ayari in ɓace.

Mai Rumbun Wari, Gangara

Ɗan'uwa, ba zan rufe ka ba: wannan geron ya tafi. Dankali jike yake da ruwa, iska da inuwa yake so, shimfiɗe kan yashi. Ko an yi masa haka, zafin yankinku na Damargu yakan cinye mafi yawansa. Ba ganganci ka yi ba, ka yi masa gatan gero ne. Amma Barmo ma yana da gaskiya, abin da ya rage masa na mahaifinku ne ya ruɓe.

Ka manta da ayari. Gobe ka ɗaura wa jaki mangala, ka bi duk gidan da Babanku ya taɓa ba irin geron nan, har garin Ollelewa, ka roƙa. Wataƙila ka samu tiya ɗaya, wataƙila ka dawo hannu rabbana. Ko yaya ne, ka durƙusa gaban yayanka kafin ruwan farko. In ka gudu, shi kaɗai zai wanke rumbun nan.

Allah ya sanyaya zukatanku.