Gonar Kufena da Rigar Baba

Ƙofar Jatau, Zariya,
3 ga Maris.

Zuwa ga Yayana Abdulwahab,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da Anti Salma da yara, kuma ciwon gwiwar nan ya yi sauƙi. Mu nan sai godiyar Allah. Na san za ka yi dariya ka ga takarda a zamanin waya. To, a waya ba ka barina in kai ƙarshen magana, shi ya sa.

Ka tuna Kabir, ɗan Malam Yari maƙwabcinmu, wanda Baba ya koya wa riƙon allura a zaure? Yanzu ya zama magidanci, har da mota. Ya shigar da matan unguwa harkar kirifto, kuɗin intanet ɗin nan. Ana zubawa a wata manhaja, duk wata uwar kuɗi ta ninka, kuma wai babu faɗuwa. Mero ta shiga, Asabe ta shiga. Ni ma na ɗan sa wani abu, kullum ina buɗe waya in ga lamba tana hawa, raina fes.

Ga dalilin rubutun. Idona ya fara gajiya da ɗinki, Yaya. Adon aska takwas na babbar riga da nake gamawa a wata biyu, yanzu sai ta ci huɗu. Ina so mu sayar da gonar Baba ta bayan Kufena, in zuba kasona. An sami mai saye, sa hannunka kawai ake jira, kuma Kabir ya ce rajista ta kusa rufewa.

Kada ka ɗauka gonar ba ta raina. Har gobe ina ganinmu a keken Baba ranar Alhamis, kai a baya da ƙwaryar fura, ni a kan ƙarfe, kana tsokanata kana cewa ni ce na sace iskar taya. Ina tuna mangwaron da ya dasa shekarar da aka haife ni. Da hawaye na rubuta layin nan, amma tuna baya ba ya sayen maganin ido.

Ka gaishe da kowa da kowa.

Ƙanwarka,
Zuwaira.

Ƙofar Jatau, Zariya,
19 ga Afrilu.

Yaya Abdulwahab,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarka da ta iyali. Allah Ya ƙara sauƙi.

Amsarka ta iso, layi ɗaya tal, kana tambaya ko na juya rigar. Kwana uku ina fushi da kai. A na huɗu na zauna a zaure, sai ga Baba a idona. Duk rigar da aka kawo masa, ko ta amininsa Malam Yari ce, ba ya kallon adon gaba sai ya juya ta baibai, ya bi bayan ɗinkin da yatsa yana neman ƙulli da inda aka yi ha'incin zare. Ba wanda ya taɓa jin haushinsa. Ni kuwa kunya ta hana ni tambayar Kabir komai, don uwarsa ce ta yi mini zaman jego. Ka san unguwarmu, ka nemi shaida wurin ɗan maƙwabci kamar ka kira shi ɓarawo ne.

Na dai cije na aika ya zo. Na tambayi ofishinsu, ya ce sai lambar waya ta ƙasar waje. Na tambayi sana'ar da ke haifar da wannan riba, ya yi ta susar ƙeya. Sai na ce ya cire mini nawa a gabana. Manhajar ta rubuto cewa sai na fara biyan haraji, ko in kawo sababbin mutum uku. Nan yatsana ya taɓa ƙullin. Kayana ne, a kan me zan biya kafin in gani?

Na gaya wa Mero da Asabe, Asabe har ta daina gaishe ni. Sati biyu ba a yi ba manhajar ta ƙi buɗuwa ga kowa. Kabir ya zo ya durƙusa a zauren Baba yana kuka, ashe motar ma ya sayar ya zuba. Shi ma gaban rigar aka nuna masa. Na sallami mai sayen gona.

Saura abin da na ɓoye maka. Ɗan abin nan da na ce na sa, kuɗin rigar Baba ne, farar nan ta tsamiya da ya ɗinka da hannunsa, wadda yake sawa ranar Juma'a, wadda ka bar mini ajiya. Na bi dillalin da ya sayar mini da ita har gida, ya ce baƙo ne ya saya, bai san garinsu ba. Duk sanda na buɗe adakar Inna na ga wurinta wayam, sai in yi maza in rufe. Ka yafe mini, Yaya.

Kwandon mangwaron da direba zai miƙa maka tare da takardar nan daga gonar ne, tamu ce har yanzu. Na kuma fara ɗinka wata rigar a kan irin zanen adon ta Baba, gwargwadon abin da idona ya riƙe. Za ta ci wata shida, kuma taka ce. In ka zo, ka juya ta ka duba, ba zan ji haushi ba.

Ka huta lafiya.

Ƙanwarka,
Zuwaira.