Siririn Bututun Dedo

Litinin, 2 ga Satumba

Dedo, kakana Florian, ya tafi gidan Gwaggo Zlatica a birni, za a yi masa aikin kafaɗa. Sati uku aka ce. Yana shiga mota ya leƙo ta taga: "Vratko, ka kula mini da tsohuwa." Bindigar yake nufi. A takarda tawa ce tun bara da ya mayar da ita sunana. A takarda kawai.

Asabar, 7 ga Satumba

Na tashi daga injin katako na wuce filin harbi. Mita hamsin, a kwance. Harsashi biyar na farko sun taru, daga nan suka fara watsewa kamar an zubar da wake. Bututun bindigar siriri ne, numfashi kaɗan sai bakin ya yi rawa. Ga shi tana jefa harsashi hagu da faɗin tafin hannu, Dedo kuma ya hana a taɓa saitin, ƙarfen da ake auna harbi da shi, tun ban san kaina ba.

Gasar gunduma ranar 5 ga Oktoba. Shekara uku ina jiran a sa sunana. Bana an sa.

Talata, 10 ga Satumba

Na je shagon Baba Imrich mai gyaran bindiga, wai kallo kawai. Ya ɗora mini bututu biyu a kan tebur. Ɗaya siriri irin namu, ɗaya mai kauri kamar ƙafar tebur.

Ya ce siririn na mai yawo ne a daji, da mai harbi a tsaye. Mai kaurin na wanda zai kwanta ya jera harsashi sittin ne, ba ya motsi, ba ya damuwa da zafi. "Amma sai kana da hannun ɗaukarsa."

Na ce mai kaurin nake so.

Ya dube ni ta saman tabarau. "Florian ya sani?"

Na ce shi ma ya aiko ni.

Ƙarya. Ta fito da sauƙi har ta ba ni tsoro.

Asabar, 14 ga Satumba

Na karɓo ta, an sa mata mai kaurin. Harsashi goma, rami ɗaya, kwabo zai rufe shi. Na daɗe a kwance ina kallo. Ban taɓa iya wani abu haka ba, ko a makaranta, ko a wurin aiki.

Tsohon bututun na bar shi a shagon. Ban ko tambayi me za a yi da shi ba.

Lahadi, 15 ga Satumba

Bayan coci Mama tana goge hular Dedo mai gashin tsuntsu, sai na tuna. Harbin Farko. Lahadin farko ta Oktoba, washegarin gasata. Mafi tsufa a ƙungiyar maharban ƙauye shi ke buɗe biki, a tsaye, da bindigarsa, ba jingina, ba mai riƙe masa. Ya sami allon da aka zana wa barewa, hula ta zauna a kansa. Ya kasa, ta koma kan mai bi masa. Shekara goma sha ɗaya tana kansa.

Wallahi ban manta ba. Na dai ajiye tunanin a gefe ne, kamar yadda ake ture kwanon da ba a son wankewa.

Lahadi, 22 ga Satumba

Ya dawo. Ya rame, riga tana lilo a jikinsa. Ko miyar kabejin Mama bai gama sha ba ya ce a kawo tsohuwa.

Na buɗe akwatin ƙarfe na miƙa masa. Hannunsa ya yi ƙasa da ita kafin ya tare. Ya shafa bututun daga gindi har baki.

"Sati uku na yi, har ka ƙosar mini da mata haka? Me kake ba ta, dankali da man alade?"

Mama ta yi dariya. Ni ma na yi, irin ta dole. Na jira faɗa. Bai yi ba. Ya ce, "Tana harbi?" Na ce sosai. Ya ce to madalla, ya miƙo mini da hannu biyu.

Da ya zage ni da na ji sauƙi.

Laraba, 25 ga Satumba

Da safe kafin in tafi aiki ya sa na fito masa da ita, wai zai goge. Na dawo ɗaukar safar hannu, na hango shi ta tsagar katakon rumbu. Babu harsashi, yana ɗagawa ne kawai. Ina ƙirgawa a zuci. Ɗaya, biyu, uku, bakin bindigar ya fara sunkuyawa. A huɗu ya sauke. Ya zauna kan buhun abincin kaji yana matsa kafaɗar. Ya sake tashi.

Sau shida. Na makara a aiki.

Asabar, 28 ga Satumba

Tsoho Ludevit, wanda ke bin Dedo a shekaru, ya tare mu a ƙofar kanti. "Florian, na ji an saya maka igwa! In turo maka amalanke ranar biki?"

Dedo ya ce, "Ka auna kanka tukuna, Ludo, hular nan ba ta zama a kan kabewa."

Aka yi ta dariya. Muka kama hanyar gida. Na ce ko zai ari ta wani. Ya ce, "Da bindigarsa, aka ce." Shi ke nan.

Litinin, 30 ga Satumba

Harsashi sittin yau, mafi kyau da na taɓa yi. Ban ji komai ba.

Talata, 1 ga Oktoba

Na koma wurin Baba Imrich. Ban gama sallama ba ya miƙa hannu ƙarƙashin tebur ya fito da wani abu naɗe a tsumma mai mai.

"Na ɗauka tun wancan satin za ka zo, ɗan aike."

Na ce ko zai iya mayarwa daren Asabar, bayan gasa. Ya ce ai ba murfin kwalba ba ne, matse shi ake yi, kwana uku ne aikin in ana son ya zauna. Ko ta kwana nan yau in karɓa Juma'a da siririn, ko in tafi da ita yadda take.

Na tsaya ina kallon bango. Akwai kalandar bara da bai cire ba. Ya bar ni, ya ci gaba da goge wani ƙarfe.

Na ajiye ta na fito.

Laraba, 2 ga Oktoba

Na buga waya a cire sunana. Matar da ta ɗauka ta ce ciwo ne? Na ce eh. Ƙarya ta biyu.

Asabar, 5 ga Oktoba

Yanzu suna can suna harbi. Ni ina filin ƙauye ni kaɗai ina gwada tsohuwa. Ta koma kamar sanda a hannu. Hagu take jefawa, faɗin tafin hannu, kamar kullum. Na ce tunda na ɓata masa rai, bari in mayar masa da ita fiye da yadda ya bar ta. Na ɗauki ƙaramar guduma na ɗan buga saitin baya har ta miƙe. Tsakiya cif.

Da na kai masa ya auna ta a hannu. "Ta yi azumi ke nan." Ya ci tuwon dankali kwano biyu.

Lahadi, 6 ga Oktoba

Ya tsaya, hula a ka, duk ƙauye a bayansa. Ya ɗaga. Na ƙirga har takwas, baki bai sunkuya ba. A nan na lura da inda yake nufa. Dama da zuciyar barewa, faɗin tafin hannu. Shekara arba'in haka yake yi, yana ba ta hagunta.

Na buɗe baki in faɗa masa. Bindiga ta tashi.

A ɗuwawun barewa ya samu. Ludevit har da riƙe ciki: "Florian, daga baya kake farauta yanzu?" Amma allo allo ne. Hula ta zauna.

Ana zuba barasar biki ya matso kusa da ni. "Ka taɓa saitin."

Na ce eh. Na ce kuma ba shi ya aike ni wurin Imrich ba, na faɗa wai shi ne.

"Na sani. Imrich ya buga mini waya ina gadon asibiti."

Tun ranar. Bai hana ba.

"Na so in ga sunanka a takardar gunduma, ja'iri," ya ce, ya juya wajen masu kiɗa.

Talata, 8 ga Oktoba

Baba Imrich ya tambaya yaushe za a mayar da mai kaurin, akwai wata gasa a bazara. Na ce ya ajiye tukuna.

Bayan aiki na je fili da gudumar. Harsashi tara na ɓata kafin ta koma hagu daidai faɗin tafin hannu. Nawa ya fi nasa faɗi, sai da na rage kaɗan.

Kafin in tafi na gwada ɗaya a tsaye, na ba ta hagunta. Ba laifi.