Rediyo a Ƙugiyar Sikeli

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da ƙafar nan taka mai ƙorafi. Na rubuto ne don na san ra'ayinka game da waya, ka ce ba ta ajiye magana.

Baba, hankalina a tashe yake. Ka san tun da gwamnati ta soke dokar da ta tilasta wa manoma sayar da auduga ga kamfani ɗaya, gidan rediyonmu ya ba ni shirin safe. Ina karanta farashin kowace kasuwa, don manomi ya san darajar guminsa kafin ya ɗora a sikeli. To, jiya Manaja ya kira ni ofis, ya ce ba mai saurare, ƙarshen wata zai cire shirin ya sa kiɗa.

Ɗakin da nake magana ba shi da taga. Bango duk soso ne, sai wani jan ƙwan lantarki da ke kamawa idan an buɗe min makirufo. Da ya kama, sai in ga kamar bangon ya janye, gonaki sun shigo fari fat har ƙarƙashin teburina, kai kuma kana tsakiya rungume da rediyonka. Ko ni kaɗai nake mafarkina? Gaya min tsakani da Allah, bana wa ka sayar wa, kuma farashin da nake faɗa ya amfane ka?

Allah ya ƙara maka lafiya.
Taka, Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Ƙafa da sauƙi, sai tsufa, shi kuwa ba a sayar da maganinsa.

Wannan Manajan naku surutu yake. Ni ban taɓa fashi ba. Ran Talata ma na ji mura a muryarki. Ki rabu da ruwan sanyi, amma ina, kunnen ƙashi gare ki tun kina rarrafe.

Tunda kin haɗa ni da Allah, ga gaskiya. Mai Sikeli, mai sayen audugarmu, na kai wa kamar kullum, abin da ya yanka shi na karɓa. Farashinki kuwa, wallahi ban taɓa jin ko lamba ɗaya ba. Da kin ce “barkanmu da safiya” sai in rufe ido. Muryar marigayiya innarki ce sak, har yadda take jan numfashi kafin ta faɗi magana mai nauyi. Sai in gan ta a bakin ƙofa da auduga a cinya, tana cire gurya, burbushi na tashi cikin hasken rana yana sauka a girarta. Kafin in buɗe ido kin yi sallama.

Allah ya yi miki albarka.
Babanki

*

Baba,

Ina gaisuwa. Haba Baba! Na karanta wasiƙarka na yi kuka, na yi dariya, sannan haushi ya kama ni. Wakilanmu suna bin kasuwanni a ƙasa, rana na dukansu, su tambayo farashi, ni in zauna in jero shi dalla-dalla, ashe ko mahaifina bai ji ba. To wa zai ji? Manaja ya yi gaskiya ke nan.

Ka sani dai, ran da aka cire shirin ba ni, ba farashi, ba Inna. Kiɗa za ka riƙa ji da safe.

Ka yafe min in na yi zafi.
Auta

*

Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Zafinki ma irin nata ne.

Washegarin da wasiƙarki ta zo, na ɗauki ragowar audugata da rediyo na nufi rumfar awo. Manoma sun yi layi da buhuna. Na rataye rediyon a ƙugiyar sikeli, na ƙure murya. Mai Sikeli ya ce, “Tsoho, rediyo ka kawo in auna?” Na ce, “A'a, shi zai auna ka.”

Kika fara. Kowa ya kasa kunne. Da kika zo kan farashin kasuwar da ke gaba da mu, wani ya sauke buhunsa daga sikeli ya mayar kan jaki, wasu suka bi shi. Mai Sikeli ya yi ta share gumi, ya kalle ni ya ce, “Tun muna samari nake auna maka, yau da 'yarka za ka kayar da ni?” Amma ya ƙara farashi, ya kuma ƙarawa. Yanzu kullum can nake kai rediyon, har daga ƙauyukan kusa ake zuwa ji.

Sai dai mai son riƙe lamba ba ya rufe ido. Idona biyu nake sauraronki yanzu, ina jin komai tsaf. Tun ranar innarki ba ta sake zuwa bakin ƙofa ba. Na yi kewarta ƙwarai, amma ba komai.

Ki kula da kanki.
Babanki

*

Baba,

Barka da war haka. Masu sayen auduga sun cika ofishinmu da ƙara, wai ina zuga manoma. Manaja sai washe baki yake, ya ce shirin da ake kawo ƙararsa ba ya mutuwa. Har lokaci ya ƙara min.

Daga gobe, bayan farashi zan karanta labarin yanayi: gajimare, iska, inda ake sa ran ruwa. A hankali zan karanta. Wannan ba sai ka riƙe komai ba, ka fi mu sanin sama. Ka sauke rediyon daga ƙugiya, ka samu inuwa, ka rufe idonka.

Ka gaishe min da ita.
Taka, Auta