Faɗuwata a Gaban Surukan Safiyya

Zuwa ga Hajiya Rabi, Maman Safiyya,

Assalamu alaiki wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da uwargida, da fatan makwancinki yana da haske da yalwa, ina sanar da ke cewa muna nan unguwarmu ta Parkchester yadda kika bar mu. Jirgin ƙasa lamba shida yana ta ƙararsa, liftar hawa benenmu kuma har yanzu ba ta lalacewa sai ranar da na sayo buhun shinkafa.

Na zo miki da labarin da ba ya yi mini daɗin faɗa. Da kina nan da kin riga ni kawo shi gida, don matan unguwa sun gama raba shi a waya.

Bayan rasuwarki likita ya auna jinina, ya dubi tumbina, ya ce hanyar da kika bi ita na kama. Sai wani abokin aikina a asibitin da nake tafinta ya ja ni cikin wata gasa da suke kira triathlon. A yi iyo, a fito a hau keke, a sauka a kama gudu, duk a yini ɗaya, ba tare da wani ya biyo mutum da sanda ba. Na karanta littattafai da yawa a kan wautar ɗan Adam, ban taɓa zaton zan je da ƙafata in yi rajistar tawa ba.

A wurin iyo layin marasa sauri aka ba ni, tare da wasu tsofaffin mata masu huluna masu furanni. Suna wuce ni suna ba ni haƙuri. Gudu kuwa, gwiwoyina ne ke magana tun kafin in buɗe baki. Amma akwai safiyar da nake kan keke a hanyar City Island, numfashina ya daidaita, iskar teku ta buge ni, na ji kamar yaron da ke kai saƙo Kurmi a keken babansa. Har likita ya rage mini ƙwaya ɗaya.

Matsalar ita ce kayan. Wandon keke, Hajiya, ba wando ba ne, fenti ne aka shafa wa mutum. Takalmin kuma maƙalewa yake a jikin feda, sai an murɗa diddige yake saki. Don haka nakan tafi da jallabiya a jakar baya. In na kusa unguwa sai in raɓe bayan wata bishiya in zura ta, in shigo gida a matsayin Malam Kabiru mai mutunci.

To, 'yarki ta samu miji. Nura sunansa, Bakatsine, yaro mai natsuwa, za ki so shi. Waliyyinsa a nan kawunsa ne, Alhaji Mamman na unguwar Mount Hope, dattijon da ko tari ya yi sai mutane su gyara zama. Sun zo gaisuwar farko, na tarbe su da babbar rigar nan da kika ɗinka mini, muka rabu a kan za su yi bincikensu a kanmu, mu ma mu yi namu.

Wata Lahadi kafin azumi na dawo a gajiye, ƙafafuna kamar na aro. Na wuce bishiyar ina gani, na ce yau dai bari in shige da sauri, wa zai gan ni. Ina karyo kwana sai ga Alhaji Mamman a ƙofar ginin namu, shi da dattawa biyu, sun fito daga gidan liman.

Kin san yadda aka rene mu. Ba a gaida babba a kan keke, sauka ake yi. Kaina bai yi shawara da ni ba, hannuna ya damƙe birki, jikina ya tafi zai durƙusa. Takalmi kuwa ba a Kano aka yi shi ba. Ya riƙe feda gam. Na tsaya cak na ɗan lokaci, sannan na tafi gefe a hankali, ni da keken gaba ɗaya, na kwanta a gaban takalman Alhaji. Daga nan ƙasa, hular kwano ta rufe mini ido ɗaya, na ce masa barka da rana, yaya iyali.

Ya amsa, Hajiya. Abin da ya fi ƙona ni ke nan. Ya amsa gaisuwar har ƙarshenta, idonsa a kan rufin gini don kada ya ga abin da bai kamata ba. Ɗaya dattijon ne ya cire mayafin kafaɗarsa ya yafa mini a cinya, kamar yadda ake yi wa wanda mota ta buge.

Daga ranar shiru. Azumi ya kama, irin dogon nan na bazara, ba kira, ba saƙo. A masallaci ana gaishe ni da fara'ar da ta yi yawa. Na riƙa kwana ina auna abin: yarinya marar uwa, ta kame kanta a garin nan, ta yi karatu, sai ubanta ya ɓata mata aure da wando. Na kai keken ɗakin ajiya na ƙasa, na jefa wandon a kwandon shara, na ce na tuba.

Bayan kwana biyu na dawo daga aiki na tarar da keken a falo, jingine da kujerarki. Wandon an wanke shi, an shanya a kan sitiyarin. Safiyya tana tsaye a ƙofar kicin. Kin san ta, a yi mata Hausa ta mayar da Turanci. Ranar nan kuwa da Hausa ta yi mini magana, irin tata mai ɗingishi. Ta ce: "Baba, gara su gan ka a wandon nan da su gan ka a likkafani. Na riga na ga ɗaya."

Kunyar da na ji a gaban Alhaji wasa ce a kan wannan. Ni ina lissafin bakin mutane, ita tana lissafin iyayen da suka rage mata.

Bayan sallah na koma atisaye, ban san ko auren yana nan ba. Na koma wurin tsofaffin matan nan, suka ce sun yi kewata, suka ci gaba da wuce ni.

Jiya liman ya tsayar da ni bayan la'asar da saƙon Alhaji Mamman. Wai tun da ya zo ƙasar nan bai ga wanda ya sauka daga abin hawa don ya gaishe shi ba sai ni, saukar ce dai ta zo da gaggawa. Za su kawo kayan sa rana ƙarshen wata. Ya roƙi alfarma ɗaya, wai ranar ɗaurin aure a taimaka a zo da babbar riga.

Na san da kina nan da kin yi dariyar nan taki da kike toshe baki da gefen mayafi, har hawaye su zubo, sannan ki ɗauko man zafi ki ce in miƙo gwiwar. Ni na shafa da kaina, Rabi. Ban iya shafa shi yadda kike yi ba.

Allah Ya jiƙanki, Ya sa kabarinki ya zama dausayi, Ya haɗa ki da iyayenki a Aljanna. Allah Ya ba 'yarki zaman lafiya a ɗakinta. Ni kuma Ya ara mini kwana in ɗauki jikokinki a madadinki, in ba su labarinki, kafin wani ya riga ni ba su nawa.

Mijinki, mai koyon murɗa diddige,
Kabiru